Fina-finan yaran titi: asalinsu da abin da suke nunawa

Fina-finan yaran titi wani rukuni ne na sinima da ke ba da labarin yaran da ke kwana a tasha, kasuwa ko lungunan unguwannin marasa galihu, suna neman na sakawa a bakin salati ta hanyar talla, bara, sata ko yi wa manya aike. Abin da ya bambanta su shi ne, galibi ana ɗaukar su a ainihin unguwannin, kuma yaran titi na gaske ne ke fitowa a ciki.

Ana yawan faro tarihinsu daga Los Olvidados, wanda Luis Buñuel ya yi a birnin Meziko a 1950. An janye shi daga gidajen sinima cikin ƴan kwanaki saboda masu ganin ya zubar da mutuncin ƙasar, amma a 1951 ya samu kyautar gwanin darakta a bikin Kan na Faransa.

A Indiya, Mira Nair ta fitar da Salaam Bombay! a 1988. Labarin Krishna ne, yaro mai raba shayi da ke fafutukar tara rufi 500 don ya koma wurin mahaifiyarsa. Babu irin raye-rayen da masu kallon fim ɗin Indiya a ƙasar Hausa suka saba gani. Fim ɗin ya ci kyautar Caméra d'Or, kuma a dalilinsa aka kafa gidauniyar Salaam Baalak mai kula da yaran titi.

A Afirka kuwa akwai Ali Zaoua na Nabil Ayouch, wanda ya fito a 2000. Yara uku ne a Kazablanka ta Maroko ke neman yi wa abokinsu sutura ta mutunci bayan an kashe shi da jifa. Ya lashe Étalon de Yennenga, babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu, a 2001.

Cacar da doka ta hana tana cikin abubuwan da ke juya kuɗi a irin waɗannan unguwanni. Kubrador, fim ɗin ƙasar Filifin na 2006 da Jeffrey Jeturian ya shirya, ya bi sawun wata mata da ke zaga lungunan Manila tana karɓar kuɗin cacar jueteng, inda ake zaɓar lamba biyu tsakanin 1 da 37. Talakawa ke zuba ƴan sulallansu, ribar kuma ta tafi ga manya. Zargin karɓar kuɗin wannan caca na daga cikin abin da ya raba shugaba Joseph Estrada da mulki a 2001.

Babbar muhawara a kan waɗannan fina-finai ita ce makomar yaran bayan an gama ɗauka. Shafiq Syed, wanda ya fito a matsayin Krishna, daga baya tuƙin adaidaita ya koma a Bangalore. Fernando Ramos da Silva, tauraron fim ɗin Pixote na Barazil, ƴan sanda ne suka harbe shi a 1987, yana ɗan shekara 19. Shi ya sa masu nazari ke tambayar darakta abin da ya tanadar wa yaran, ba kyaututtukan da ya kwasa kaɗai ba.