Sheda: Tarihin Ƙasa da Dajinta

Sheda gari ne a ƙaramar hukumar Kwali ta Babban Birnin Tarayya, a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, gaba kaɗan da Gwagwalada. Yankin na cikin sassan Afirka ta Yamma masu doguwar ciyawa da itatuwa jefi-jefi, irin su kaɗanya, ɗorawa, maje da kirya. Sai a bakin rafuka ake samun kurmi.

Wannan daji bai taɓa rabuwa da hannun mutum ba. A Taruga, kudu maso gabashin Abuja, Bernard Fagg ya tono matoyar tama ta mutanen Nok a shekarun 1960, wadda ta haura shekara 2,000. Narka tama kuwa sai da gawayi, gawayi sai da sare itace. Gwarawa, wato Gbagyi, da maƙwabtansu sun ɗora da noman doya da dawa. Sukan share daji, su sa wuta, su noma shekaru kaɗan, sannan su bar saura ta huta. Ba sa taɓa kaɗanya da ɗorawa saboda man kaɗe da daddawa, shi ya sa yawan waɗannan itatuwa a gonaki zaɓin manomi ne. Haka abin yake daga Senegal har Chadi. Ƙudan tsando ma ya yi wa dajin gadi, domin sammore ya daɗe yana hana garken shanu zama, kafin sarar daji da farin shekarun 1970 da 1980 su ƙara turo makiyaya kudu.

Babban sauyi ya zo ne da dokar 3 ga Fabrairu 1976, wadda gwamnatin Murtala Muhammed ta kafa sabon babban birni da ita, ta kuma mayar da ƙasar yankin duka hannun Gwamnatin Tarayya. An so a kwashe mazauna gaba ɗaya, amma tsadar diyya ta sa aka fasa a 1978. Sai manoma suka ci gaba da zama a ƙasar kakanninsu ba tare da ikonta ba.

Sheda ta samu rabonta na hukumomi: cibiyar kimiyya da fasaha ta SHESTCO, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, hedikwatar hukumar tsara manhajar karatu ta NERDC, da ta hukumar kula da irin shuka. Kowacce ta killace fili. Saura ta rage kwana, takin zamani ya maye gurbin hutun ƙasa, kirya kuma ta koma buhunan gawayi a bakin titi don girkin birni. Ɗora laifin kan manomi da mai gatari kaɗai ba adalci ba ne, tunda masu sayen gawayin da filayen a birni suke. Birnin kuwa ya bunƙasa da sauri: a ƙidayar 1991, shekarar da gwamnati ta taso daga Legas, mutanen Birnin Tarayya ba su kai 400,000 ba. A ta 2006 sun kai miliyan 1.4.