Wa ke sa ido a kan likitocin karkara a Nijar?

Kullum muna jin koke iri ɗaya daga 'yan uwa: an kai yaro likita, an ce magani ya ƙare. Kafin mu ɗora wa wani laifi, ya kamata mu san yadda aka raba nauyin kula da lafiya tsakanin ƙaramar hukuma, ma'aikatar lafiya da jama'ar gari, domin wanda bai san mai alhaki ba bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Yadda tsarin yake

A ƙasa akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, waɗanda aka gina da yawansu a zamanin shugaba Tandja Mamadou. Sama da su akwai cibiyoyin CSI, sai asibitin gundumar lafiya, sai asibitocin jiha da na ƙasa. Ma'aikata da ƙa'idojin aiki suna ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, ta hannun babban likitan gunduma, wanda ke zagayawa duba aiki yana karɓar rahotannin cibiyoyi.

Rabon ƙaramar hukuma

An yi zaɓen ƙananan hukumomi na tsarin da muka sani a watan Yulin 2004. Dokar da ta tsara aikinsu ta 2010 ta ɗora musu gina cibiyoyin lafiya na matakin farko da gyara su, tsabtar gari, da tallafa wa tsofaffi, naƙasassu, marayu da marasa galihu. A ofishin magajin gari ne ake ba da takardar shaidar rashin hali, wadda ke taimaka wa talaka wajen neman sassauci a asibiti. A watan Janairun 2016 gwamnati ta sa hannu kan dokar miƙa musu iko da kuɗi a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli.

Sai dai ikon da aka rubuta ya riga kuɗin isowa. Yawancin ƙananan hukumomin karkara suna dogara ne da harajin kai da na kasuwa, wanda da ƙyar yake biyan albashin ma'aikatansu. Haka kuma magajin gari yana iya gyara rufin CSI ko ya sayi man motar ɗaukar marar lafiya, amma ba shi da ikon hukunta ma'aikacin gwamnati da ya bar wurin aiki. Iyakarsa ya kai ƙara wurin babban likitan gunduma.

A watan Afrilun 2024 hukumomin soja sun rusa majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa kantomomi. Ayyukan suna nan yadda suke, amma kansilolin da a da ke zama su tambayi inda kuɗi ya tafi ba sa nan.

Kwamitin jama'a

A nan ne talaka ya fi samun ta cewa. Tushensa shirin Bamako ne na 1987, lokacin da ministocin lafiya na Afirka, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince marar lafiya ya biya wani ɗan kuɗi, a riƙa sayen magani da shi, jama'a kuma su sa hannu wajen riƙonsa. Nijar ta mai da wannan doka a 1995. Daga nan aka samu kwamitin lafiya na ƙauyukan da ke amfani da CSI ɗaya, wanda daga cikinsa ake fitar da kwamitin gudanarwa, wato COGES, mai shugaba da ma'aji. Aikinsa shi ne bin sawun kuɗin da ya shiga, lissafin maganin da ke ɗakin ajiya, da gaya wa jama'a abin da ya gani.

Inda matsalar ta fi tsanani

A 2005 da 2006 gwamnati ta mai da tiyatar haihuwa, awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ka'idar ita ce likita ta yi aiki, ta aika da takardun kuɗi, gwamnati ta biya daga baya. Mata da yara sun ƙaru ƙwarai a likitoci, wannan alheri ne da ba a musu. Amma biyan ya riƙa jinkiri na watanni, wani lokaci shekaru, kamar yadda binciken cibiyar LASDEL ta Yamai ya nuna. Asusun COGES ya ƙafe, aka kasa sayo magani, aka koma rubuta wa iyaye takarda su je su saya a waje. Ke nan rashin magani ba kullum yake nufin sata ba, kuma ba kullum yake nufin babu ita ba. Lissafi kaɗai ke raba gardama.

Abin da za mu iya tambaya

Yaushe kwamitinmu ya zauna na ƙarshe, kuma wa ya zaɓe shi? Akwai mata a ciki? An liƙa farashi a bango inda kowa zai gani? Ana ba da rasit? Nawa ne likitarmu ke bin gwamnati? Nawa ƙaramar hukuma ta ware wa lafiya da marasa galihu a kasafin bana, nawa aka kashe da gaske? Wa ke samun takardar rashin hali, mabuƙaci ko mai uwa a gindin murhu?

Waɗannan tambayoyi ba fitina ba ne, nasiha ce, kuma nasiha ga shugabanni tana cikin addini. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, yakan fita da dare da kansa ya duba halin talakawan Madina, bai tsaya ga abin da ake kawo masa ba. Muna kira ga limamai su riƙa sanar da ranar taron kwamiti bayan sallar Juma'a, ga masu ilimin lissafi a cikinmu kada su guji kujerar ma'aji, ga wanda aka zaɓa kuma ya tuna kuɗin maganin yaro amana ce da za a tambaye shi a kanta. Ma'aikacin da ya kwana yana karɓar haihuwa shi ma yana da hakkin a yaba masa a bainar jama'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu ikon riƙon amana.