Ƙauran Namoda a Cikin Tsofaffin Hotuna

A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya zo ya tsaya a Ƙauran Namoda. Garin da ya samo sunansa daga Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadi, sai ya zama matattarar gyaɗa da audugar ƙasar Zurmi da Shinkafi.

Hotunan wancan zamani sukan nuna buhuna jibge a tasha, da sikelin awo, da 'yan dako. Amma ba su faɗin sunan ɗan dako, balle kuɗin da manomi ya karɓa. Sau da yawa mai kyamarar baƙo ne, kayan ne suka dame shi.

Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan ciniki. Yau kuma rashin tsaro yana tashin ƙauyuka, hotuna suna salwanta a akwatunan da aka gudu aka bari, dattawan da suka san fuskokin kuma suna ƙarewa.

Saboda haka, ɗan'uwa mai hidima, in dattijo ya nuna maka hoto, zauna ka tambaye shi su wane ne a ciki, ka rubuta sunayen a bayansa da fensir.