Tarihin Loda Babbar Manhaja a Abuja: Wa Aka Sauƙaƙa Wa?

Yau zan waiwayi wata tsohuwar muhawara ce: shin ya kamata a sauƙaƙa hanyar loda babbar manhajar kwamfuta, irin su Windows da Linux, har sabon shiga ya iya yi da kansa? Wasu na cewa a bar wa masu gyara aikinsu. Ni dai ina ganin tarihin abin a nan Abuja ya isa ya ba mu amsa.

Mu fara daga shekarar 2001. A watan Agusta wayar GSM ta shigo Nijeriya, a watan Oktoba kuma kamfanin Microsoft ya fitar da Windows XP. Wanda ya taɓa loda ta ba zai manta da shuɗin allon nan ba, babu hoto, sai rubutun Turanci zalla. Ka danna F8 ka yarda da sharuɗɗan da ba ka karanta ba. Ka danna D, sannan L, shi ke nan ka goge ɓangaren ma'adana da duk abin da ke ciki. Ga lambobin sirri guda 25 da za ka shigar. In kuwa aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, sau da yawa sai dai a koma farko.

Wannan ya sa loda manhaja ta zama sana'a. Mutum ya sayi kwamfuta ta hannu, sai ya nufi Banex Plaza da ke titin Aminu Kano a Wuse 2, ko wani shagon unguwa, ya miƙa ta. Matasa da dama sun ci abinci da wannan aiki, kuma ba na raina shi. Sai dai mai kwamfuta bai san abin da aka zuba masa ba, na asali ne ko na jabu. Na san 'yan kasuwa abokan mahaifina da lissafin bashinsu ya tafi a irin wannan gyara, don ba wanda ya gaya musu ma'anar kalmar "fomatin". Rashin sani ya fi dare duhu.

Mu da muka zo daga Maraɗi, namu ya ninka. A gida Faransanci muka karanta, allon rubutunmu da AZERTY yake farawa. A nan kuwa Turanci ne da QWERTY. Hausar da muke magana da ita, mu da 'yan uwanmu na Katsina da Kano, ba ta cikin tambayoyin da kwamfuta ke yi mana.

An yi ƙoƙarin kawo sauƙi, ba a ce ba a yi ba. A watan Oktoban 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu, wani nau'in Linux na kyauta. Har faifan CD suke aiko wa mutum ta gidan waya ba ko sisi, kafin su daina a 2011. Daga fitowar 2006, kana iya gwada manhajar daga kan faifai kafin ka loda ta, sannan ka amsa 'yan tambayoyi kaɗan. A wajajen wannan lokaci ne wani kamfanin Nijeriya ya fitar da Wazobia Linux, mai ɗauke da Hausa da Yarabanci da Ibo, amma ba ta yaɗu a kasuwa ba.

Shekarar 2007 kuwa ta nuna mana cewa maganar ta wuce ta masu gyara. A shekarar aka raba wa ɗaliban makarantar firamare ta Galadima, nan gefen Abuja, 'yan ƙananan kwamfutoci na shirin One Laptop per Child, da Linux a cikinsu tun daga kamfani. A shekarar dai aka yi cinikin kwamfutocin Classmate na Intel guda 17,000 don makarantun Nijeriya, ɗauke da manhajar kamfanin Mandriva na Faransa. Da labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows, shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kuka. Mai karatu ya lura: manyan kamfanoni na faɗa a kan wa zai loda, domin sun san abin da aka fara sa wa yaro, da shi zai girma. Wanda bai iya lodawa da kansa ba, wani ne zai zaɓar masa.

Microsoft ma ta yi wa Windows Vista fassarar Hausa. Amma ga inda gizo ke saƙa: fassarar ƙari ce da ake ɗorawa a kan Windows ta Turanci. Wato sai ka tsallake kogin da Turanci, sannan a miƙo maka kwalekwale a ɗaya gaɓar.

Yau fa? Shuɗin allo ya tafi, kebul ɗin filasha ya maye gurbin faifai, tambayoyi sun ragu. Amma Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta zo da sabuwar ƙofa. Tana buƙatar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, wadda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da ita. Tana neman intanet da rajistar Microsoft tun wajen saitin farko. Saukar da ita ma na cin data fiye da gigabait 5. Ga shi tun ranar 14 ga Oktoban 2025 an daina kula da Windows 10 yadda aka saba. Ɗalibin da ke Nyanya ko Kubwa da tsohuwar kwamfuta, shi wannan sauƙi bai iso gare shi ba.

Don haka amsata ita ce e, a sauƙaƙa, amma a auna sauƙin da halin da muke ciki. Abu uku nake nema. Na farko, zaɓin harshe ya zo a allon farko, da Hausa a ciki, musamman gargaɗin da ke cewa za a goge bayananka. Na biyu, a iya kammala lodawa ba tare da intanet ba. Na uku, in wuta ta ɗauke, aikin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wayoyin Tecno da Itel sun nuna cewa sa Hausa a cikin na'ura ba gagara ba ne, in dai an ɗauke mu a matsayin masu saye.

Masu gyara kuma kada su tsorata. Allo zai ci gaba da fashewa, batir zai ci gaba da mutuwa. Abin da zai canza shi ne mai kwamfuta zai zo musu da saninsa, ba a makance ba.

Wanda ke da wata fahimta daban, ƙofa a buɗe take. Allah Ya sa mu dace. Wassalam.