Daga Bostan zuwa ɗakin haihuwa: ciwon da ke jiran marar lafiya bayan fiɗa

Ranar 16 ga watan Oktoba 1846, a babban asibitin Masacusets da ke Bostan ta Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani saurayi tururin eta, aka cire masa ƙari a wuya yana barci. Duniya ta ɗauka an gama da ciwon fiɗa. Abin da aka gama da shi kawai ihun da ake yi lokacin da wuƙa take yanka. Da marar lafiya ya farka, ciwon yana nan yana jiransa, ga amai. Eta da kulorofom, wanda James Simpson ya shigo da shi a Edinbura a 1847, hankali suke ɗaukewa, ba sa hana jijiyoyi kai saƙon rauni.

Wata hanyar ta buɗe a 1884, lokacin da Carl Koller ya ɗiga koken a ido a Biyana, ya ga ana iya kashe wuri guda mutum yana farke. A 1898 August Bier, a garin Kil na Jamus, ya zuba koken cikin ruwan lakar baya. Shi da mataimakinsa Hildebrandt suka gwada a junansu: an buga wa Hildebrandt guduma a ƙwauri, an ɗana masa wutar taba, bai ji ba. Daga baya ciwon kai ya kwantar da Bier kwana tara. Wannan ciwon kan, da yoyon ruwan laka ke haddasawa, ya daɗe yana ɓata sunan allurar baya, har aka sirantar da allurai aka sake bakinsu.

Wanda ya fara haɗa zancen, a ganina, shi ne George Crile na Kilibilan. Wajen 1913 ya nace cewa ko mutum yana barci, ƙwaƙwalwarsa tana karɓar dukan wuƙa, don haka a sa shi barci kuma a kashe jijiyoyin wurin. Ƴan zamaninsa ba su bi shi sosai ba. Sai a 1983 Clifford Woolf ya nuna a jikin ɓeraye cewa rauni yana sa lakar kanta ta ƙara saurin jin ciwo, har taɓawa kaɗan ta zama azaba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a kan mutane ba su ba da sakamako mai girma kamar yadda aka yi fata ba, amma tunanin likitoci ya riga ya juya.

A 1979 kuma aka fara zuba wa marasa lafiya mofin a baya. Ɗan ƙanƙane, wajen kashi ɗaya cikin goma na miligiram, yana iya riƙe mai jego daga awa goma sha biyu har kusan kwana guda, ko da yake yakan kawo ƙaiƙayi, kuma dole a sa ido a kan numfashinta.

Nan zancen ya iso gida. Tun 2005 gwamnatin Nijar ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce, kuma allurar baya ita ce hanyar da aka fi so wajen wannan aiki: uwa tana farke, tana jin kukan jaririnta. Sai dai idan maganin kashe jiki kaɗai aka sa, cikin awa biyu zuwa uku ya sake ta. Daidai lokacin an maida ta ɗaki, dangi suna barka, ita kuwa tana cije leɓe, don an koya mata cewa mace ba ta raki. Mofin kuma magani ne mai wuyar samu a ƙasashenmu, ga tsauraran dokoki a kansa. Saboda haka mai rakiya yana da damar tambayar mai allurar barci tun kafin a shiga ɗakin fiɗa: wace hanya za a bi, kuma me aka tanada wa daren farko?