Zanen Lura: Yadda Fensir Ke Koya Wa Marubuci Gani

Zanen lura shi ne mutum ya zauna gaban wani abu, yana kallonsa yana zana shi a takarda yadda yake, ba yadda ya saba ɗaukarsa a ka ba. Ba don a samu hoto mai kyau ake yinsa ba. Ana yi ne don ido ya koyi tsayawa a kan abu, kuma nan ne marubuci ke cin moriyarsa.

Tarihinsa a taƙaice

John Ruskin, marubucin Ingila, ya fara koyar da ma'aikata zane a Landan a 1854, sannan ya fitar da littafi kan koyon zane a 1857. A ganinsa, wanda ya koyi zane ya koyi gani ne. Victor Hugo na Faransa, ban da littattafansa, ya bar dubban zane. A 1979 kuma Betty Edwards ta Amurka ta fitar da littafin da ya yaɗa dabarar juya hoto kai ƙasa kafin a kwaikwaye shi.

Me ya sa yake aiki?

Ƙwaƙwalwa akwai gaggawa. Da ta ga sa, sai ta ce "sa ne", ta wuce. Shi ya sa sabon marubuci zai rubuta "wani ƙaton sa" ya tsaya. Amma dillali a kara ba haka yake kallo ba. Zai duba tozo, ƙaho, kofato da tafiya, ya bambance Bunaji fari da Rahaji ja mai dogon ƙaho. Irin wannan idon fensir ke ba mutum, domin ba ka iya zana abin da ba ka lura da shi ba.

Yadda ake yi

Na farko, ka zana hannunka na minti biyar ba tare da ka kalli takardar ba. Zanen zai fito a karkace, babu komai.

Na biyu, ka juya hoto kai ƙasa ka kwaikwaya. Sai ka riƙa ganin layuka da inuwa maimakon sunan abin.

Na uku, bayan zane ka rubuta jimla biyar kan abin da ka gano wanda da ba ka gani ba. Misali, buta ta lotse ta gefe guda, an ɗaure hannunta da waya. Daga nan tambaya ke fitowa: wa ya ɗaure ta, me ya hana shi sayen sabuwa? To ka ga labari ya fara ke nan.

Wanda ba ya son zana mai rai, ga bishiya, ga ƙofar shago, ga Keke Napep. Kayan aiki ba su wuce fensir da littafin rubutu ba, minti goma a rana sun isa a fara.