Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa da Turu: Abin da Binciken Taɓin Hankali Ke Nufi ga Bawku

A Bawku, kamar a zangon Yendi da na Salaga, idan saurayi ya fara jin muryoyin da ba mai jin su sai shi, ko ya ƙaurace wa tuwon gidansu wai an zuba masa guba, galibi wajen malam ko boka ake fara kai shi. In abin ya ci tura, a sa masa mari ko a ɗaure ƙafarsa a turu. Ba rashin ƙauna ba ne: manyan asibitocin taɓin hankali uku na gwamnatin Gana, na Akra da Pantang da Ankaful, duk suna kudu, ɗaruruwan kilomita daga nan. A ganina, abin da aka gano game da haɗuwar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya isa ya sauya yadda ake riƙon irin wannan majinyaci.

Sassan ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta dogayen jijiyoyi masu lulluɓin farin kitse, kamar wayar lantarki a cikin robarta. A 1995 masu bincike Karl Friston da Chris Frith suka kawo hujjar cewa a cutar sikizofireniya, mai kawo irin waɗancan alamu, matsalar tana cikin sadarwar sassan ne, ba lalacewar wuri guda ba. A 2018 gamayyar masu bincike ta ENIGMA ta kwatanta hoton ƙwaƙwalwar majinyata 1,963 da na masu lafiya 2,359, ta hanyar auna yadda ruwa ke bin tsawon jijiyoyin. An ga rauni a yawancin hanyoyin, har da damin da ke haɗa ɓarin dama da na hagu. Wani bincike na 2016 kuma ya danganta ƙwayar gado ta C4 da wuce gona da iri wajen rage mahaɗan jijiyoyi, aikin da ƙwaƙwalwa ke yi a shekarun balaga, daidai lokacin da cutar ta fi kunno kai. Frith ya yi bayanin muryoyin ma: idan sashen da ke shirya magana bai sanar da sashen ji ba, mutum zai ji zancen zucinsa ya ɗauka wani ne. Ba ƙarya yake yi ba, da gaske yana ji.

Masu suka suna da gaskiyarsu. Bambancin na jimillar jama'a ne, ƙarami kuma, har hoton mai ciwo yakan yi daidai da na mai lafiya. Ba likitan da zai duba hoto ya yanke hukunci. Yawancin waɗanda aka auna ma ba 'yan Afirka ba ne. Wasu kan ce magungunan ne suka sauya jijiyoyin, sai dai an ga alamun a waɗanda ba su taɓa shan magani ba. Duk wannan yana nuna cewa ba na'urar hoto Bawku ke bukata da gaggawa ba, amma bai rushe tushen maganar ba: ciwo ne a jiki, kuma firgici irin na rikicin sarautar garin, da shan wiwi tun da ƙuruciya, suna iya tsananta shi.

Mai cewa iska ce ko sammu, ba sai an raba shi da imaninsa kafin a kwance ɗansa ba. Gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020, ya haɗa masu maganin gargajiya da na addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci, kuma bayan wata shida majinyatan wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Gana ta 2012, mai lamba 846, ta riga ta haramta cin zarafin majinyaci. Saura a kai nas da magani mara yankewa har zauren malamin da ke ruƙiyya a Bawku, tun a makonnin farko, domin bincike ya sha nuna cewa jinkirin fara magani yana tafiya da wahalar warkewa.